Yakuwar Kaka da Sanyin Annandale

Duk safiyar Asabar da maƙwabta suka tayar da injinan yankan ciyawa, warin ɗanyen haki ya shigo ta taga, kakata ce ke faɗo mini a rai. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta gane wannan al'ada ba. A ce mutum ya shuka ciyawa, ya ba ta ruwa da taki, sannan ya aske ta ya zubar, alhali ko akuya ba shi da ita? Takan tsaya bakin taga ta riƙe haɓa, ta ce Allah Ya sawwaƙe.

Ina ƙarama aka kawo ta wurinmu a garin Annandale, a nan ƙasar Turawa, bayan rasuwar kakanmu. Ta zo da akwatin zannuwa da wani ɗan ƙulli a bakin mayafi. Irin yakuwa ne, daga bayan ɗakin mahaifiyarta a ƙauye, gidan da tuni aka sayar aka malale shi da siminti. Ta ce tun kakar kakarta ake miƙa irin nan hannu da hannu, kuma ba a hannunta zai ƙare ba.

Mai karatu, idan ka tashi a gida ka san ƙa'idar: in ruwan farko ya sauka, a tona ƙasa da hannu, in danshi ya shiga sosai a yi shuka. Haka Kaka ta yi. Ruwa ya zuba a watan Maris, ta tona, ta yi bisimilla ta shuka. Mahaifina ya ce mata ruwan nan ba damina ba ne, ta dube shi ta ce yaushe aka haife shi. Shukar ta tsiro gwanin sha'awa, sai wata safiya muka tashi raɓa ta daskare, ganyen sun yi baƙi sun kwanta. Ranar ko kokonta ba ta sha ba. Abin da ya rage a ƙullin bai cika cokali ba.

Ta jira har zafi ya zauna, zafin nan mai danshi da ke manna wa mutum riga a baya. Bayan gida itatuwa sun tare rana, don haka ta kafta ciyawar ƙofar gida, a bainar jama'a, ta zuba sauran irin duka. Daga nan aka shiga yaƙi da dabbobi. Kurege ya tona, zomo ya ɗanɗana, bareyi kuwa sukan zo da asuba, uwa da 'ya'ya, suna tafe kamar masu gidan. Abin ya ɗaure wa Kaka kai, nama na yawo a titi ba mai ce masa kanzil. Ta barbaɗa toka da garin barkono, tana yi musu faɗa da Hausa, suna kallonta suna tauna. Duk da haka yakuwar ta fi ni tsawo.

Matsalar ita ce yakuwa ba ta fure sai rana ta fara gajarta, a nan kuwa lokacin ne sanyi ke ƙaratowa. A Oktoba kwanson ya yi jajir amma irin bai ƙosa ba, sai aka sanar a talabijin cewa raɓa za ta daskare. Da la'asar Kaka ta buɗe akwatinta. Atamfofin da take adanawa tun na aurenta, waɗanda ko taɓawa ba ta bari mu yi, ta fito da su ta lulluɓe shukar ɗaya bayan ɗaya, ni ina riƙe mata bakin zane. Da hantsi ta kwashe, da yamma ta mayar. Ƙofar gidanmu ta koma kamar rumfar mai sayar da atamfa.

Ba a jima ba wata mata daga kwamitin unguwa ta zo da murmushinta, ta ce wa mahaifina dokar unguwa ba ta yarda da shanya a gaban gida ba, ballantana gona. Shi kuma mutum ne mai gudun abin magana, kuma mu kaɗai ne baƙaƙe a layin. Da magariba ta gabato ya same ta tana rufawa, ya durƙusa.

"Inna, don Allah a yi haƙuri a cire. Ana kallonmu."

"To, cire," in ji ta. "Ni sai in kwana a kansu. Ɗauko mini tabarmata, 'yar nan."

Na ɗauko kuwa, da gudu, ko kallonsa ban yi ba. Ta shimfiɗa kan ciyawa ta zauna da carbinta, iska na kaɗa mata mayafi, matar kwamiti na leƙe daga tagarta. Zannuwan ba su isa ba ma, tushe ɗaya na can ƙarshe a buɗe. Mahaifina ya daɗe tsaye yana duban tsohuwarsa, sannan ya shige ciki. Na ɗauka fushi ya yi. Sai ga shi da babbar rigarsa ta Sallah, farar shadda mai aiki. Ya baza ta kan tushen nan, ya danne gefenta da duwatsu, ya juya ya ɗaga wa matar hannu. Ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba.

Irin ya ƙosa. Ta cika kwalba da shi, ta raba wa matan masallaci har da na garin Landover.

Yanzu Kaka na kwance a maƙabartar Musulmi ta ƙasar nan da ta ƙi yi wa biyayya. Ina da gidana a Silver Spring, 'ya'yana in na yi musu Hausa da Turanci suke amsawa, shagunan mutanenmu kuma cike suke da busasshen zoɓo, ba sai ka wahala ba. Ni dai a ƙofar gida nake shukata, inda kowa zai gani, wanda abin ya dama ya kau da kai. Mahaifina ya tsufa, mantuwa ta kama shi, wani lokaci sunana ma sai ya lalubo. Amma da yammacin da sanyin Oktoba ya fara cizo, wayata za ta yi ƙara, ko gaisuwata ba zai jira ba.

"Kin rufe su?"