Baƙar Wuƙa da Farar Wuƙa a Gonar Kawu

A shekarata ta biyu a kwalejin da ke garin Gidan Waya, farkon shekarun casa'in ke nan, malamin aikin gona ya ce kowa ya nemo wuƙarsa, domin idan damina ta kankama za mu koyi yi wa mangwaro aure. Aikin shi ne a yanko reshe daga bishiya mai 'ya'ya masu daɗi, a tsaga ƙaramin dashe, a cusa reshen a ɗaure da leda har su haɗe. Ya ce reza ba za ta yi ba, wuƙar kicin ma haka. 'Yar ƙarama yake so, mai naɗewa, wadda za ta shiga aljihu.

Ban taɓa sayen wuƙa ba. Don haka na tafi wajen kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana gyaran ƙarafan jirgin ƙasa a Kafanchan kafin ya yi ritaya ya koma gonarsa kusa da Godogodo. Mutum ne da ba ya yarda da ƙarfe sai ya ƙwanƙwasa ya ji kukansa. Ko cokali aka miƙa masa a gidan biki sai ya juya bayansa ya duba. Ya ce in shirya ranar Asabar mu shiga bas zuwa kasuwar Kafanchan, yana da mutuminsa.

Mutumin nasa wani Alhaji ne, dattijo mai farin gemu, da ya gaji rumfar daga mahaifinsa. Kwaɗo da makulli, tocila, almakashi, allurar buhu, duk a shimfiɗe. Sun daɗe suna gaisawa, har lafiyar gwiwar kawu aka tambaya, kafin a zo kan maganata. Alhaji ya jawo kwali ya zaro wuƙaƙe biyu ya buɗe su a tafin hannunsa. Girmansu ɗaya, mariƙinsu ɗaya. Amma ruwan ɗaya fari ne tas yana walƙiya, na ɗayar kuwa baƙi ƙirin, sai siririn layin kaifi kaɗai ke haske.

"Malama, zaɓi," in ji shi.

Baƙar ta ja hankalina, don ban taɓa ganin irinta ba. Na tambaya me ya sa aka baƙanta ta.

"Don tsatsa. Haka wanda ya kawo mini su ya ce."

Kawu ya karɓa ya kanga ta a rana. Hausarsa irin tamu ce ta gida, komai "shi" ne a bakinsa. Ya ce, "Alhaji, wannan wuƙa an shafa masa fenti ne don a ɓoye wani abu. A wurin aikinmu, ƙarfen da ya tsage shi ake fara shafa wa fenti."

"Injiniya, kai ko ruwan sama sai ka ce an haɗa shi da wani abu."

Suka yi ta ja-in-ja, ni kuma ina juya wuƙar a hannuna. Na sa farce na kankari baƙin, bai fita ba. Da suka ɗan lafa na ce, "Baba Alhaji, to me ke ƙarƙashin baƙin?"

Ya kalli wuƙar, ya yi dariya ya ce, "Wallahi 'yata, ban sani ba. Ban taɓa dubawa ba. Kullum sai an tambaye ni wacce ta fi, ni kuma ba na son in rantse a kan abin da ban gani ba."

Kawu ya riga ya yanke cewa farar za mu saya, muka saya. Muna shirin tafiya sai Alhaji ya naɗe baƙar ya danƙa mini. Ya ce aike ne yake aikena: in yi aiki da su duka biyu har ƙarshen damina, in dawo in gaya masa abin da na gani, tunda ni ce mai karatu.

Na ɗauki aiken nan da gaske fiye da aikin makaranta. Duk ƙarshen mako ina gonar kawu, inda yake da dashen mangwaro jere a gindin wata ɗorawa. Na raba su biyu, layin gabas na farar wuƙa, na yamma na baƙa.

Abu na farko da na lura shi ne yadda suke shiga itace. Farar takan zame cikin reshe sumul. Baƙar tana yanka, amma akwai ɗan ja da nake ji a yatsuna, kamar tana riƙe itacen. Na ce ko tunanina ne, sai na rufe ido na sa matar kawu ta riƙa miƙo mini su ba tare da ta faɗi wacce ba ce. Sau da yawa ina canka daidai. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin karatun da ake yi ido a rufe ba.

Sai maganar danƙon mangwaro. A kan farar, da ya taɓa za ka gan shi, ka goge kafin ka matsa zuwa dashe na gaba. A kan baƙar kuwa sai ya bushe ban sani ba. Malaminmu ya sha faɗa mana cewa wuƙa mai datti tana kai cuta daga itace zuwa itace, don haka na koma goge ta ko na ga abu ko ban gani ba.

Wata Asabar ruwa ya kore mu daga gona, na bar su biyun a buɗe a kan kututture. Ban tuna ba sai washegari bayan mun taso daga sujada a coci. Na tarar da farar ta yi ɗigo-ɗigon ja tun daga tsini har gindi. Baƙar kuwa jikinta lafiya lau, sai bakin kaifin kaɗai ya yi tsatsa. Na ruga na nuna wa kawu. Ya duba ya duba, ya ce, "To. Alhaji bai yi ƙarya ba." Daga nan ya ɗebo toka da ɗan manja ya murza farar da tsumma, kafin a sauke tukunyar rana ta koma kamar sabuwa. Ya ce tsatsar kwana ɗaya ba ciwo ba ce, ragwancin mai wuƙa ne.

Baƙar ma ta ba ni wahala irin tata. Ta suɓuce daga aljihuna cikin ciyawa, ruwanta a buɗe, ƙasar wurin kuma baƙa ce saboda taki. Mu uku muka duƙa muna laluben ciyawa a hankali don kada ta yanke wani, har rana ta take. Farar kuwa ta faɗi ba sau ɗaya ba, amma daga nesa take ƙyalli ta nuna kanta.

Tambayata kan abin da ke ƙarƙashin baƙin ita ta fi damuna. Wajen watan takwas, wasawa da shiga itace sun fara cinye baƙin daga wajen kaifi, ya yi zane-zane. Kawu ya kasa haƙuri. Ya ɗauko magagarinsa na wurin aiki, ya goge wani ɗan wuri kusa da gindin ruwan wuƙar. Muka haɗa kai muna kallo. Farin ƙarfe ne a ƙasa, babu tsaga, babu rami. Ya goga farar ma a daidai wurin don ya ji taurinsu, ya ƙwanƙwasa kowacce a kan dutse ya kai kunne.

"Uwa ɗaya uba ɗaya," ya ce. "Ɗaya ne kawai ya sa riga."

Dashen kuwa bai nuna bambanci ba. Layin gabas wasu sun kama wasu sun bushe, na yamma ma haka. Da kawu ya kwance ledar waɗanda suka mutu, ya nuna mini cewa ɗaurina ne ya yi sako-sako, ruwa ya shiga. Wannan ya ɗan ƙona mini rai, don na so a ce laifin wata wuƙa ne.

Da ruwa ya ɗauke na koma kasuwa ni kaɗai. Alhaji ya sa aka kawo mini benci, ya saurari komai bai katse ni ba, sai da na zo kan laluben ciyawa ya yi dariya har da share hawaye. Ya shafa wurin da kawu ya goge da babban yatsa. Na ce a ganina mai aikin itace ko abinci, wanda zai goge wuƙarsa kullum, ya ɗauki fara. Wanda kuma yake yawo cikin ruwa da laima, ba shi da lokacin kula, baƙa za ta fi yi masa haƙuri.

Muna cikin haka wata mata ta tsaya, da kwandon ɗanyar citta a kanta, tana neman wuƙar da za ta riƙa tsaga citta kafin shanya. Alhaji ya nuna ni ya ce, "Ga malamar wuƙa nan, tambaye ta."

Na gyara zama na yi mata bayani tiryan-tiryan, tsatsa da danƙo da toka da manja. Ta saurara tana gyaɗa kai. Da na gama sai ta miƙa hannu can gefen kwalin ta ɗauko wata daban da ban ma lura da ita ba, mai jan mariƙi. Ta buɗe ta rufe, ta ce wannan take so, don a tsakar gidansu mata biyar ke tsaga citta, kuma babu mai ja a cikinsu, ba wadda za ta ce tata ce. Alhaji ya naɗe mata a takarda, ta ɗora kwandonta ta wuce.