Fuskar Shekuwe a Gonar Dabino

Ku da kuka tarar da yayana Kibwana da furfura, zaune a ƙofar gidan nan na unguwar Kibokoni yana ɗinkin tamfol, sai ku ɗauka haka Allah ya yi shi, shiru-shiru. To, da ƙuruciya idan ya kece da dariya a nan, har masu jiran jirgin fito a Likoni sai sun waiwaya. Ku matso, muryata ba ta kai wa nesa yanzu.

Babanmu ɗinkin ƙyallen jiragen ruwa masu tafiya da iska yake yi a tsohuwar tashar ruwa, kuma idan aka yi rasuwa a unguwa shi ake kira haƙan kabari. Kibwana ya taso a gindinsa, ya iya basilla, ya iya shebur. Da jiragen iska suka fara ja da baya, sai ya bi manyan jiragen ƙarfe na tashar Kilindini. Ya yi shekara ba mu gan shi ba, sai kawai ya faɗo gida yana warin fenti da man inji, da zanin Inna a hammata.

A jirgin nan na ƙarshe, mutanenmu uku ne a cikin Girkawa da sauran ƙabilu. Da shi, da Makame mutumin Pemba, wanda yake kuku, da Shekuwe mutumin Lamu. Shekuwe ya girme su, ɗan masunta ne, yana da karatu daidai gwargwado, shi yake jan su salla. Shi da Kibwana kamar ciki ɗaya suka fito, ɗakinsu ɗaya, gado sama da ƙasa.

Suka ɗauki ganyen shayi daga nan Mombasa za su kai Basra. Sun shiga kogin Basra ke nan, sun jefa anka suna jiran layin sauke kaya, sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Iraƙi da Iran. Wannan gaɓa soja, waccan gaɓa soja, su kuma a tsakiya. Bakin kogin ya toshe da jiragen da aka nutsar. Ba gaba, ba baya.

Kibwana ya ce abin da ya fi ci masa rai ba ƙarar igwa ba ne, zaman ne. Kullum gari ya waye ga dabinon jiya a inda yake. Heluman nasu, wani tsohon Bagirike mai suna Manoli, ya hana kowa zama. Ya ce wanda ya zauna a jirgin da ba ya tafiya haukacewa yake. Sai su wuni suna ƙwanƙwasar tsatsa, suna shafa fenti a kan fentin da suka shafa. Sukari ya ƙare, man girki ya ƙare, shinkafa ta koma ta awo da gwangwanin madara. Shayi kuwa ga shi nan cikin jirgi maƙil.

Makame ya kan miƙo kofi ya ce, "Ku sha, 'yan'uwa. Wannan dai har tashin ƙiyama ba za mu rasa shi ba."

Shekuwe ya ce, "Kai ɗan Pemba, ko ɗan kanumfari ba ka ɓoye a aljihu ba? Wane irin Bapembe ne kai?"

"Irin wanda ya haɗu da mayunwata 'yan Lamu."

Shi jirgi a kan anka ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ruwa ya cika ya juya nan, ruwa ya janye ya juya can. Saboda haka idan lokacin salla ya yi, Shekuwe ne zai leƙa waje, ya dubi rana, ya dawo ɗaki ya shimfiɗa tabarma, su kuma su tsaya a bayansa. Ba su taɓa tambayarsa ina ne ina ba. Ai akwai mai duba musu.

Ana nan sai ciwon ciki ya kama Shekuwe, daga ruwan kogin da suka koma sha. Ya rame, idanunsa suka faɗa. A cikin kwanakin nan aka sami hanyar kwashe mutane: ƙaramin jirgin soja zai zo ya kai su gaɓa, daga nan mota ta ratsa da su hamada. Shekuwe ko tsayuwa ba ya yi, balle sauka tsanin igiya. Kyaftin ya ce shi zai zauna da mutum kaɗan su tsare jirgi. Kibwana ya ce har da shi. Makame ya riga ya ɗaure kayansa, ya tsaya ya dube su, ya yi tsaki, ya kwance.

Ya ce, "Idan na tafi wa zai dafa muku? Ɗan Mombasa ko ruwan zafi aka ba shi sai ya ƙona."

Daga kwance Shekuwe ya ci gaba da nuna musu alƙibla, da hannu kawai, idan Kibwana ya faɗa masa ta wace taga rana take. Wata ranar da safe Kibwana yana shafa masa ruwa a goshi, sai Shekuwe ya riƙe masa hannu.

"Kibwana."

"Na'am, liman."

"Na san al'adar jirgi. Tamfol da ƙarfe, a tura ka ruwa. Ni tun ina yaro kifi nake ci. Ubana ya ci, kakana ya ci. Suna nan ƙasa suna jirana da haushi."

"Haba, bar wannan zance. Wane kifi zai ci ƙashi zalla?"

Shekuwe ya yi ɗan murmushi, sannan ya ce, "Da gaske nake. Ga ƙasa can ina ganinta ta taga. Ka sa ni a ƙasa, kamar Musulmi. Ka yi mini alkawari."

Ya yi masa. Bayan kwana biyu Allah ya karɓi abinsa, da la'asar. Allah ya jiƙansa.

Ba a jima ba sai ga Manoli da tamfol a kafaɗa, da sandunan ƙarfe, da basilla. Ba da mugunta ba, shi ma idonsa ya yi ja. Ya miƙa wa Kibwana, don shi ne maɗinkin jirgin. Ya nuna masa cewa ɗinkin ƙarshe ta hancin mamaci ake ratsa shi, haka suka gada, wai don a tabbata ya mutu.

Kibwana ya ajiye basillar a ƙasa. Ya ce, "Baba Manoli, duk abin da ka ce in ɗinka a jirgin nan na ɗinka. Wannan ban da shi."

Ya je wurin kyaftin. Kyaftin ya ce gaɓa cike take da soja, Kibwana zai sa a kashe rayayyu saboda matacce. Kibwana bai yi musu ba, bai kuma tashi daga ƙofar ba, har kyaftin ya gaji ya kira sojan gaɓa ta rediyo. Suka ce a zo da sassafe, gonar dabinon da ke daura da jirgi, amma a bar wurin kafin rana ta take, don da azahar ake fara ruwan wuta daga ƙetare.

Suka yi masa wanka, suka yi likkafani da zannuwan gadon kyaftin, shi da kansa ya bayar. Gari na wayewa suka sauke kwalekwale. Kibwana da Makame, sai Manoli ya biyo su da shebur, yana cewa shi dai ya zo ne don kada su jiƙa masa kwalekwale.

Gonar ba kowa, masu ita sun gudu. Dabino ya nuna ya zube, ba mai tsinta. Can gefe wasu soja a cikin rami suna kallonsu. Kibwana ya tsaya, ya sa fitowar rana a hannunsa na dama, ya fuskanci arewa, ya ja layi da shebur. Haka Baba ya koya masa, haka duk kaburburan garin nan suke. Mu nan ai alƙiblarmu arewa ce, jariri ma ya sani. Hannunsa ne ya yi aikin, zuciyarsa tana can wurin gawa da kuma rana da ke hawa.

Ƙasar tauri gare ta, ga saiwoyi. Sai da hantsi ya yi sosai suka gama. Suka yi masa salla su biyu, Manoli na tsaye a baya da hula a hannu. Suka kwantar da shi a kan damansa, suka jera rassan dabino, suka mayar da ƙasa. Kibwana ya ce a lokacin ji ya yi an sauke masa dutse daga ƙirji.

Suka shiga kwalekwale. Kun san mai tuƙi baya yake bai wa inda za shi, fuskarsa na kallon inda ya baro. Sun yi nisa kaɗan sai ya ga ɗaya daga cikin sojan nan ya fito daga rami, ya shimfiɗa bargo kusa da sabon kabarin, ya ta da kabbarar azahar. Ya juya wa arewa baya. Kudu yake kallo, ya ɗan karkata yamma.

Hannun Kibwana ya tsaya.

Makame ya ce, "Ja mana! Me kake kallo?"

"Dubi sojan can."

Makame ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce a hankali, "Innalillahi. Mun wuto Makka."

"Mun ba shi baya, Makame. Mutumin da kullum yake nuna mana, shi muka kwantar ya juya wa Ka'aba ƙeya."

"Ɗan'uwa, Allah ya ga niyya. Rana ta take. Shi ya riga ya tafi, ni ina da 'ya'ya."

Manoli bai gane ba, sai da aka yi masa kwatance da hannu. Ya ce, "Yarona, ka cika alkawari. Ƙasa ya ce, ga shi a ƙasa."

Kibwana ya ce, "Cewa ya yi kamar Musulmi."

Bai juya kwalekwalen ba, don ba ransa kaɗai ke ciki ba. Shebur ya ɗauka, ya zura ƙafa a ruwa. Ruwan ya kai masa ƙirji, laka na riƙe shi, ya nufi gaɓa. Yana jin Makame a baya yana zaginsa, shi da Mombasa da duk wanda ya haifi mai taurin kai. Zagin bai yi nisa ba, don biyo shi yake yi. Manoli ya juyo da kwalekwalen ya ɓoye shi cikin ciyawar bakin ruwa.

Suna fara tona ƙasa igwar farko ta tashi. Ta faɗi can cikin gona, ƙasa ta girgiza, dabino ya zubo musu a ka kamar ƙanƙara. Sojan nan ya taso da gudu yana daka musu tsawa da Larabci. Kibwana ba shi da Larabci sai na salla. Ya nuna kabari, ya nuna arewa, ya ce, "Ƙibla," ya girgiza kai. Sojan ya dubi yadda kabarin ya kwanta, ya dubi mutanen nan biyu jiƙe sharkaf da laka. Yaro ne matashi, gashin bakinsa bai gama fitowa ba. Ya ja layi a ƙasa da dugadugin takalminsa, ya koma rami da gudu. Suka ɗauka ya tafi ke nan. Sai ga shi da ɗan guntun sheburinsa na soja.

Su uku suka tona. Wuta na sauka, kan wani dabino ya kama da wuta, hayaƙi ya rufe su. Wata ta faɗi kusa har ta watsa Makame gefe. Ya tashi yana dafe da kunne, jini na bin wuyansa, ya sake ɗaukar shebur. Suka cire rassan, suka faɗaɗa ramin ya bi layin sojan. Kibwana ya shiga, ya rungumi Shekuwe, ba nauyi ko kaɗan, ya mai da kai inda ƙafafu suke. Ya kwance ɗaurin fuska, ya dangana kuncinsa da ƙasa, ya gyara shi sosai.

Ya ce masa, "Ka yafe mini, liman. Ba ka nan ne, shi ya sa."

Suka rufe. Sojan ya ɗaga hannu suka shafa fatiha tare, sannan ya tura su da ƙarfi wajen ruwa. Ko sunansa ba su tambaya ba. Kibwana ya yi ta yi wa yaron nan addu'a har ƙarshen ransa, bai san ko ya ga ƙarshen yaƙin ba.

Sun ƙara watanni a jirgin kafin a kwashe su ta hamada. Jirgin kuwa can aka bar shi da shayinsa. Makame ya koma Pemba da kunne ɗaya, idan ya zo Mombasa nan yake sauka, su zauna a ƙofa su sha gahawa, wani lokaci har ya tafi ba su yi magana goma ba. Kibwana ya je Lamu da ƙafarsa ya gaya wa matar Shekuwe da 'ya'yansa yadda aka yi, bai rage komai ba, har kuskuren. Matar ta saurara har ya gama, ta ce, "Yanzu dai daidai yake?" Ya ce daidai yake. Ta ce, "To, alhamdu lillahi," ta shiga ciki ta kawo masa abinci.

Bai sake hawa babban jirgi ba. Ya yi aure, ya haifi iyayen wasunku, ya ci abincinsa da basilla. Da ciwon ajali ya kwantar da shi ina zaune a gefensa ina yi masa fifita, sai na ji ya yi 'yar dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba.

Na ce, "Yaya, lafiya?"

Ya ce, "Tunani na yi. Ni za ku sa ni ina kallon arewa, shi yana can yana kallon kudu. Ashe fuska da fuska za mu kwanta, Ka'aba a tsakani."

Ranar Juma'a aka kai shi. Allah ya jiƙansu su duka, ya kai haske kabarinsu. Ku ce amin.