Takardar Gazali a Cikin Leda

Shekara huɗu Gazali, ɗan Kebbe, ya yi yana karatun likitan dabbobi a Khartum, sai yaƙi ya koro shi gida da takardar sakamakonsa ƙwaya ɗaya tak. Don tsoron gara, mahaifinsa Malam Ɗangiwa ya kai ta Tambuwal aka manne ta cikin leda.

A jami'ar da Gazali ya je neman ƙarasa karatu, ma'aikacin rajista ya turo masa ita da ɗan yatsa. "Ba mu amsar mai leda. Makarantarku ta aiko wata, ko ka koma aji ɗaya."

"Yallaɓai, makarantar da yaƙi ya rufe?"

"Doka ce."

Gazali ya fito yana huci. Har yau abin da ke ƙona masa rai shi ne, wancan yana can yana juyi a kujera, tsohon da ya tsare masa takarda kuwa shi ke sunkuyar da kai don kunya in ya haɗu da ɗan nasa.