Dattijo Mai Riƙe da Ƙararrawa

A zauren ɗakin karatu inda ƙungiyar koyon jawabi ke taruwa, sabon akawun wurin yana kallon wani dattijo a kujerar gaba. Rigarsa ta koɗe amma ta sha guga, kuma ƙararrawar tsayar da mai magana tana hannunsa. An ce da shi aka kafa ƙungiyar tun ana taro a gindin bishiya, abokan kafawar duk sun riga mu gidan gaskiya.

Yau wata matashiyar malama ce a gaban jama'a, karonta na farko. Ta kai tsakiya magana ta ƙwace mata, lokacinta kuma ya cika.

"Baba, ƙararrawa," in ji shugaban taro a hankali.

"Hannun tsoho ne, ɗana, sai ka yi haƙuri da nawarsa."

Akawun yana ganin yadda ya danne ɗan ƙarfen cikinta da yatsa. Wataƙila ya tuna fuskokin waɗanda aka kaɗa wa ita suna cikin rawar murya, suka fita ba su sake dawowa ba.

"'Yata," in ji dattijon, "ɗora daga inda kika tsaya, muna jinki."

Ta ja numfashi, ta ɗago kai, ta ci gaba.