Sunayen Ruwan da Inna Ta Ƙi Ƙetarewa

Shekarar da kawuna ya biya wa kakata kujerar Makka, Tudun Wada kaf ba wanda bai zo mana murna ba, in ban da ita mai kujerar. Inna ta ce ba inda za ta. Ni aka zaɓa in raka ta, har na ɗinka kayan tafiya, saboda haka abin ya ƙona min rai ba kaɗan ba.

Dalilinta ɗaya ne, Bahar Maliya. Tana 'yar mitsitsiya mahaifinta ya tafi hajji a ƙafa ta Sudan. Ya kai gaɓa, ya shiga jirgin ruwa, abokan tafiya suka dawo da labarin jirgin ya nutse. Ba gawa, ba kabari. Ta ce ruwan ya riga ya ɗanɗana jinin gidanmu, ba za ta kai masa ƙari ba.

Kawu ya ɗauko limamin unguwa ya lallashe ta. Malam ya gyara zama ya ce bahar kalmar Larabci ce, ma'anarta babban ruwa, maliya kuma daga kalmarsu ta gishiri ta fito.

"Au, har da gishiri?" in ji Inna. "Wato an gama haɗa miya, nama kawai ake jira."

Malam ya shafa fatiha ya nemi takalmansa.

Daga nan abin ya zama shari'a. Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ce a kawo mata sunan ruwan nan a kowane yare, ita za ta gane zurfinsa daga jin sunan. Wai in aka samu wanda bai kai wuya ba, za ta duba. Ni da digirina, ni ce mai yawo gida-gida ina gayyato shaidu!

Na fara da Bayarabiyar da ke mana markaɗe. Ta ce su okun suke cewa, gaɓarsa kuma eti okun. A cewarta, fatakenmu na goro ne suka ji haka a kurmi, suka murɗe shi ya koma teku. Inna ta ji daɗin wannan ƙwarai.

"Kin ji ko? Kakanninmu masu hankali ne. Ko a suna, bakin ruwa suka tsaya."

Na koma na kirawo matar mai kemis, Inyamura ce, mutuniyar Inna ta gaske. Ta ce oshimiri, kuma da shi suke kiran kogin Kwara ma. Inna ta riƙe haɓa. Ta ce mutanen da suka haɗa kogi da teku a suna ɗaya, ko dai ba su da tsoro ko ba su da awo, kuma duka biyun ba abokan tafiya ba ne. Ta ba ta daddawa ta sallame ta.

Na ce to Turawa si suke cewa, shi ke nan.

"Si? Ruwan da ya cinye babana? Duk wanda ya ba ƙaton abu ɗan guntun suna, akwai abin da yake ɓoyewa."

Nan fa na fashe. Wallahi ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na ce, "Haba Inna! Wa ya ce iyo za mu yi? Ta sama za mu wuce. Ta taga za ki hango shi can ƙasa kamar faranti, ko ɗigonsa ba zai taɓa ki ba."

Ta ƙura min ido.

"Ana ganinsa?"

"Ana gani mana."

Washegari ta sa aka sauko mata da akwati. Liman ya ce addu'arsa ce, mai markaɗe ta ce bayaninta ne, ni kuwa na tabbata tsawata ce ta yi aiki, har ina hura hanci.

Ranar tashi Inna ta ɗaura zanen da ta fi ji da shi, ta fesa turare kamar mai zuwa gidan biki. A jirgi ta tada wani alhaji daga kujerar taga, bawan Allah ya tashi ba musu. Ba ta ci ba, ba ta runtsa ba. Duk gajimaren da ya gifta sai ta zungure ni, "Shi ne?" Rana ta yi sanyi lokacin da rairayi ya ƙare, shuɗi ya shimfiɗu iya ganin ido. Na ce mata ga shi nan.

Sai ta kwance bel, ta zame daga kujera ta durƙusa a ɗan matsatsin nan, goshinta a jikin gilashi. Ma'aikaciyar jirgi ta taho da sauri tana Turanci. Kunya ta kama ni, na kama hannun Inna zan ɗaga ta, sai na ji abin da take faɗa, da wata ƙaramar murya da ban san tana da ita ba.

"Baba, ina wuni. Autarka ce. Ka yi haƙuri ban zo da wuri ba, ba wanda ya gaya min ana ganinka."

Na saki hannunta, na durƙusa ni ma.