Akwatin Gilashin da Baba Ya Yi wa Hawainiya

Surukina mai yankan gilashi ne. Shekara arba'in da wani abu ke nan yana wannan sana'a a shago ɗaya, ƙarƙashin wani tsohon bene, jikin kantin magani. Yatsunsa duk tabo ne. Ba ya awo sau biyu: ya ɗora tef, ya ja layi, ya ƙwanƙwasa, gilashi ya rabu kamar da ma jira yake. A layin kowa Baba yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Ba shi da faɗa, amma ba a yi masa gyara. In ka ce taga ta karkace, sai ya ce bangonka ne ya karkace, kuma sau da yawa shi ke da gaskiya.

Matata ce 'yarsa ta ƙarshe, Auta yake kiranta. Malamar kimiyya ce a sakandare, kuma shekara uku tana kiwon wata hawainiya da ta sa wa suna Tafi-sannu, a cikin kejin raga da ta haɗa da hannunta, duk ɗaurin waya, ba kyan gani. Da cikinta ya shiga wata takwas jininta ya hau, aka kwantar da ita. Likita ya ja ni gefe ya ce kada a kawo mata labarin da zai tayar mata da hankali, komai ƙanƙantarsa. Ni kuwa ina zirga-zirga tsakanin ofis da asibiti, sai na kai kejin shagon Baba, tare da takardar da Auta ta rubuta yadda ake kula da dabbar. Ya ninke ta ya sa a aljihu.

Kwana huɗu ban leƙa ba. Ranar da na je, da azahar ne, rana na dukan ƙofar shagon. Baba ya tare ni da fara'a.

"Zo ka ga aiki," ya ce. "Shekaranjiya na gama shi. Wancan tarkacen na jefar da shi. 'Yar mai gilashi da kejin kaji?"

Akwati ne na gilashi, gefe huɗu da murfi, an liƙe kowace kusurwa da gam ɗin silikon, ko iska ba ta shiga. A ƙasa ya ajiye ƙaramin kwanon ruwa, cike taf. Gilashin ya yi gumi daga ciki. Tafi-sannu ba ta kan reshe mai ganye da ya sa mata a ciki. Tana ƙasa, ta yi baƙi kamar gawayi, baki a buɗe, idanunta da na sani a kumbure suna juyawa sun faɗa ciki.

Ban taɓa ɗaga murya a gaban Baba ba, ko ido ba na haɗawa da shi sosai. Na tsaya ina neman ta inda zan fara.

"Baba, aikin ya yi kyau ƙwarai. Sai dai... ko an duba takardar nan?"

"Tabarauna ya karye. Me ke ciki? Ga ruwa, ga fara na ba ta."

"Ta sha ruwan?"

Ya sunkuya ya dubi kwanon, ya dubi dabbar.

A nan wayata ta yi ƙara. Auta ce. Muryarta a gajiye, ta ce ta yi mafarkin Tafi-sannu, in na zo lokacin ziyara da ƙarfe huɗu in kawo mata bidiyonta. Na ce to. Na kashe wayar. Ƙarfe biyu saura kwata.

Baba ya zaro takardar ya miƙo mini. "Karanta."

Na karanta a tsaye. Hawainiya ba ta shan ruwan kwano, ba ta ma san ruwa ba ne. Sai wanda ke ɗiga a kan ganye. A fesa wa ganyen ruwa safe da yamma. Kada a taɓa rufe ta a inda iska ba ta ratsawa, huhunta ba ya ɗauka. Ƙarƙashin wannan layin Auta ta ja biro sau biyu.

Baba ya ɗauko wuƙar aikinsa ya bi silikon ɗin yana yanka. Murfin ya fara cirewa, wani ɗumi mai wari ya taso. Ya cire gefe biyu, na biyun ya tsage a hannunsa ya yanke shi, ya naɗe yatsan da tsumma ya ci gaba. Ya janyo ragar sauro ta taga daga bayan shago, ya yanka, ya ɗaure ta da sandunan alminiyam. Ni na ja teburin daga rana, na buɗe ƙofar baya, iska ta fara wucewa.

Matar kantin magani ta ji buge-bugen ta leƙo. Da ta ji abin da ke faruwa, ta koma ta dawo da robar ƙarin ruwa sabuwa, irin ta asibiti. Ta cire allurar, muka huda murfin gorar ruwa muka rataye ta a ƙusa, ta murza 'yar tayar da ke jikin robar har ruwan ya zama ɗigo ɗaya-ɗaya yana sauka kan ganye. Baba ya sa tafin hannu biyu ya ɗaga Tafi-sannu ya ɗora ta kan reshe. Da ƙyar ta riƙe.

"Ku matsa baya," in ji matar. "Ko mutum ne aka tsare shi da ido haka ba zai sha ba."

Muka koma bakin ƙofa. Ɗigo na sauka, na gangarewa, na wuce hancinta. Ƙarfe uku ta yi. Wani ya zo karɓar madubi, Baba ya ce ya dawo gobe, bai ko juya ba. Uku da kwata. Na fara tsara ƙaryar da zan yi wa Auta, waya ta lalace, caji ya ƙare, duk ba wadda ta zauna.

Uku da rabi ta rufe bakin. Ido ɗaya ya juya. Ta miƙa kai a hankali ta taɓa gefen ganyen, maƙogwaronta ya motsa, ya sake motsawa. Na ɗauki bidiyo.

Baba ya kulle shago ya ce tare za mu je.

Auta ta kalli bidiyon sau biyu. Ta ɗago kai. "Ina kejina? Me ya sami idanunta?"

Na buɗe baki, Baba ya riga ni. "Ni ne, Auta. Na rufe ta a gilashi kwana biyu, ban karanta takardarki ba. Wauta na yi. Yanzu tana shan ruwa."

Idona na kan na'urar awon jini da ke ɗaure a hannunta. Nas ta zo ta duba, ta ce ya ɗan hau, ta harare mu. Auta ta daɗe tana kallon yatsan mahaifinta da ke naɗe da tsumma. Sannan ta ce a rage gudun ɗigon, a ƙara ganye, kada a ba ta fara sai jibi. Baba ya ce in rubuta, da manyan baƙaƙe.

Bayan kwana tara aka yi mata aiki, muka sami 'ya mace. Tafi-sannu ta ɗauki kusan sati uku kafin korenta ya dawo, idon hagu kuwa bai koma daidai ba har yau. Tana shagon har yanzu, don Baba ya ce gida mai jariri ba wurin kiwon fara ba ne. Matar kantin magani kuma duk wanda ya shigo sayen maganin tari sai ta ba shi labarin yadda ta yi wa hawainiya ƙarin ruwa.