Kawu Usaini da Sha-bakwai

Ku matso kusa ku ji, ku da kuka san Kawu Usaini mai gwanjo na Gummi, ƙanen Innata. Kun dai tuna shi da kife abu. Ba a miƙa masa kofi ko kwano ko takalmi bai juya ya duba gindinsa ba. Ranar sunan ɗana na fari, da aka miƙa masa jinjiri ya sa albarka, ko fuskar bai kalla ba. Sai ya ɗaga tafin ƙafar yaron, ya ƙura ido, ya ce, "Babu lamba. Madalla, wanga guda ɗaya Allah ya yi shi." Mata suka yi ta dariya har Inna Ige, matarsa, ta rufe fuska da mayafi don kunya.

Asalin abin, wata dilar gwanjo ce da ta zo masa daga Kwatano. Yana kwance ta, sai ga kwali a tsakiyar riguna, a ciki wani mutum-mutumin roba shuɗi mai tsawon kamu guda. Kunnuwan zomo, ido uku, tumbi kamar na mai unguwa, ga takalmin kambas. Wallahi ni da na gan shi sai da na yi a'uzubillahi. A tafin ƙafarsa akwai lamba da wani rubutu kamar tafiyar tsutsa. Kawu ya kai wa Malam Sani na firamare. Malam ya ce ai wannan ba abin wasan yara ba ne, wani gwanin zane ne a can ƙasar waje ya yi guda ɗari biyu kacal, ya sa hannu, manya ke saye su jera a kabad ɗin gilashi. Wannan shi ne na goma sha bakwai.

Kawu ya ce, "Su ɗari biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, shi kaɗai ya faɗo Gummi?"

"Roba ce fa, Usaini."

"To roba ba ta da dangi?"

Daga ranar ya raɗa masa suna Sha-bakwai, ya ɗauki alkawarin sai ya sada shi da ɗan'uwansa ko guda ne. Mu dai dariya muke yi. Mun manta cewa shi ma Kawun ɗan tagwaye ne, Hasan ɗinsa ya tafi cin rani tun suna samari, har yau ko labari.

Kasuwar Gummi, ta Anka, ta Bukkuyum, duk inda aka baza 'yan tsana sai ya tsuguna ya bi su yana kifewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ga yana da fasali sai ya kawo gida. Akwai kare mai rawanin sarauta, akwai wani jan abu mai haƙoran kada yana riƙe da fure. Na ce, "Kawu, waɗannan ne dangin?" Ya ce, "A'a ɗiyata, maƙwabta ne. Kafin a samu dangi ai sai da maƙwabta."

Ana nan sai Liman ya zo duba Inna Ige da ba ta da lafiya, ya hango su jere bisa kanta a ɗakin. Cikin lalama ya ce mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da mutum-mutumi, sai dai ko a cire musu kai.

Kawu ya dafe ƙirji. "Allah gafarta Malam, wanda ake nema wa 'yan'uwa, in anka cire mai kai, da mi za su gane shi?"

Liman ya ce to a fitar da su daga ɗakin kwana. Kawu ya ce ya ji ya bi. Washegari ya kwashe geron da ke rumbu kaf ya jibge a ɗakin Inna Ige, ya share rumbu, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya jera mutanensa. Inna ta fito tana salati. "Malam, ni in kwana da ɓeraye, aljanunka su kwana bisa tabarma?" Ya ce, "Ke da kika samu mala'iku, mi kike nema kuma?"

Wata damina kuma aka ce masa an ga mai ido uku a Adabka. Ya hau kabu-kabu cikin taɓon nan, ya dawo bayan la'asar da takalmi ƙafa ɗaya. Ashe 'yar tsanar wata yarinya ce da ta ɗiga wa tozali a goshi. Inna ta ce, "An gaida dangi?" Ya ce, "Ba su ba ne. Amma mutanen kirki ne, har fura sunka ba ni."

Shekarar da aka zo kafa ƙarfen wayar salula a garinmu, wani injiniya ɗan Legas ya tsaya rumfarsa sayen rigar ruwa. Ranar Kawu ya fito da Sha-bakwai shan iska. Mutumin nan ya daskare. Ya ce shi ma yana tara irin waɗannan, yana da wannan sak a gidansa, na ɗari da goma sha biyu. Ya roƙi a sayar masa.

Kawu ya ce, "Ana saida mutum ga ɗan'uwansa? Ka dai ce min ɗaki guda za su zauna."

"Kabad ɗaya ma, Baba."

A ranar Kawu ya goge Sha-bakwai da man kaɗanya, ya mayar da shi kwalinsa, ya haɗa da ƙullin kilishi wai guzuri. Sharaɗi guda ya kafa, a aiko masa da hoto. Inna Ige ta yi guɗa, ta ce saura kare da kada.

Hoton ya iso bayan wata huɗu, lokacin ciwo ya riga ya kwantar da Kawu. Ni na miƙa masa. Ga su nan su biyu kafaɗa da kafaɗa, ido shida suna kallonmu. Karo na farko a rayuwata na ga Kawu bai kife abu ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, ɗaya dai ya isa gida." Can kuma ya ce, "Hasan na da tabon lauje a tafin ƙafar hagu. Ni na yar da laujen."

Sati bai zagayo ba ya cika.

Allah ya jiƙan Kawu Usaini, ya sa mala'ikun rahama su cika masa kabari, ya sada shi da ɗan'uwansa a ɗaki guda a Aljanna. Maƙwabtan Sha-bakwai suna nan a rumbu, Inna Ige ce ma ke share musu ƙura yanzu.

Ku da kuke yawon duniya, ni ba na fita ko'ina. Don Allah, ko a masallaci wajen alwala, babu wanda ya taɓa ganin wani tsoho mai kama da Kawu, da tabo a tafin ƙafar hagu?